Kalmomin Nan Masu Wutsiya Ɗaya

Kwanan baya wani dattijo mazaunin Barnawa, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a masaƙun Kakuri, ya zo mana da wata takarda a naɗe cikin leda, ya ce mu duba masa. Daga wani ofishi ta fito, a kan wani fili nasa da ke bayan gari, wanda ya saya tun yana karɓar albashi, da nufin in Allah ya hore ya kafa wa 'ya'yansa ɗakuna. Ya ce yau wata uku ke nan da aka kawo masa ita. Ran da ta zo ya ba jikansa wanda ya gama sakandare ya karanta masa, yaron ya duba sama-sama ya ce, "Kaka, kwantar da hankalinka, sāke maka wuri za a yi." Shi ke nan, tsoho ya sa takarda ƙarƙashin katifa, ya zauna jiran ranar da za a kira shi a nuna masa sabon wuri. Da shiru ya yi yawa ne ya fara jin ba daidai ba.

Da muka warware takardar, kalmar da ke bisa kanta da manyan baƙaƙe ita ce revocation. Yaron kuwa relocation idonsa ya gane masa. Ko wacce harafi goma gare ta, tara daga ciki iri ɗaya ne, kuma a jere ɗaya su ke, na ukun kaɗai ya raba su. Amma wadda yaron ya zata ma'anarta a ɗauke ka daga nan a kai ka can, ita kuwa wadda aka rubuta ma'anarta an soke iznin da aka ba ka, watau fili ya fita hannunka. Akwai ma 'yar'uwarsu ta uku, renovation, ita ma harafi goma, wadda ke nufin gyaran tsohon gini. Takardar ta yanka kwanaki ga masu neman diyya su kai shaidarsu, kwanakin nan kuwa sun ƙare tun tana kwance ƙarƙashin katifa. Muka gaya masa gaskiyar abin da ke ciki. Ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe harafi ɗaya ya kan ci gona."

Ba mu ga laifin yaron sosai ba. An koya masa Turanci ne kamar yadda a ke koya wa yawancin yaranmu, watau a haddace kalma a dunƙule tare da ma'anarta guda, in jarrabawa ta wuce a zubar. Irin wannan ɗalibi in ya yi karo da doguwar kalma sai ya dubi kanta, ya dubi wutsiyarta, ya cike tsakiyar da zato. Abin da ya sa ke nan mu ke so mu yi magana yau da malaman makaranta, da akawuna da magatakarda, waɗanda suka gāji kujerun malaman En'e na dā, domin su ne tafintoci tsakanin Hukuma da talakawa, ko sun so ko sun ƙi.

Kalmomin da mu ke nufi su ne masu ƙarewa da haruffan nan huɗu, t, i, o, n, waɗanda Bature ke furtawa kamar "shan". Dubbai ne a cikin Turanci, kuma wanda duk ya taɓa buɗe fayil a ofis ya san da wuya a sami layi biyu babu ɗaya daga cikinsu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wutsiyar nan baƙuwa ce a Ingila. Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dā, ta kuwa shiga Ingilishi galibi ta hanyar Faransanci, bayan da mutanen Nomandi suka ƙetaro teku suka ci Ingila da yaƙi cikin 1066. Daga nan har wajen shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da na ɗakin shari'a, Latin na malamai da majami'a, talakan Ingila kuwa aka bar shi da gajerun kalmominsa na ci da sha da noma. Watau abin da Ingilishi ya zo ya yi mana, shi ma an taɓa yi masa. Saboda haka ne har yanzu gajeruwar kalma a Turanci ta gida ce da kasuwa, doguwa mai wutsiya kuwa ta sarauta ce da shari'a da ilmi. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tun da ya ke shari'a da hukunci da alƙali da wasiƙa duk daga Larabci muka samo su, ta hannun malamai da fādawa.

Aikin wutsiyar ba shi da wuyar ganewa. Ita ce ke mai da aikatawa ta zama suna, kamar yadda mu ke cewa ya sayar, mu koma mu ce sayarwa, ko ya tara, mu ce tarawa. In kuwa aka ga haruffan i, s, a sun gabace ta, to, ma'anar ita ce a mai da abu ya koma kaza, kamar yadda Bahaushe ke ɗaukar sabo ya ce sabunta, ya ɗauki tsawo ya ce tsawaita. Can wajen kai kuma akwai 'yan guntaye masu juya ma'ana: re na nufin sākewa ko komawa baya, de na nufin cirewa ko ragewa, con na nufin tare. Tsakanin kai da wutsiya nan saiwar ta ke, ita ce kuwa ya kamata ido ya fara nema.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan dabara. Almajirin da ya karanci tasrifi in ya ga kalmar Larabci ta fara da "isti" ya san nema a ke nufi, istigfari neman gafara, istihara neman zaɓin Allah, istisƙa'i roƙon ruwa. Tsawon kalma ba ya firgita shi, sai ya tuɓe mata riga da hula har ya kai ga baƙaƙen nan uku na asali. To, me ya hana malamin Turanci yin haka? Da an taɓa nuna wa jikan dattijon nan cewa voc kira ne, loc wuri ne, nov sabo ne, da ya san revocation kiran abu ne ya dawo hannun wanda ya bayar, relocation sāke wuri, renovation sabuntawa, allocation kuwa, wadda ita ce ta ba kakansa filin tun farko, keɓe wa mutum wuri ko rabo. Aikin minti goma ne a kan allo. Amma maimakon haka, abin da yaranmu suka fi sha'awa shi ne a ji su da dogon Turanci ran muhawara. Mun taɓa jin wani yana taƙama da floccinaucinihilipilification, mai harafi 29, ya furta ta ba tuntuɓe, aka yi ta tafi. Da aka tambaye shi ma'ana sai ya fara susar ƙeya. Ma'anarta kuwa ita ce ɗaukar abu ba a bakin kome ba.

Ba mu ce Hausa ba ta iya haɗiye irin waɗannan kalmomi ba. Ta haɗiye da yawa, har ta narkar da su. Station ta zama tasha, kowa kuwa a Kaduna ta Kudu ya san babbar tashar jirgin ƙasa da ke wannan ƙetare na kogi, inda hanyar Ikko zuwa Kano ta gamu da wadda ta taso daga Fatakwal ta Kafanchan. Daga ƙanwar wutsiyar, mai s maimakon t, muka sami fansho da mishan da talabijin, har ga unguwa guda nan kusa da Barnawa da ke amsa sunan Television. Waɗannan ba su cuci kowa ba, domin tasha wuri ce da a ke gani da ido, fansho kuɗi ne da a ke ƙirgawa a hannu. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmomin da ba su nuna wani abu da za a taɓa, sai wani aiki da Hukuma ta ƙudura za ta yi wa jama'a. In mutum ya bi tarihin ƙasar nan tun daga zuwan Turawa, zai ga kusan ko wane babban juyi da wutsiyar nan ya shigo.

Ran 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya gama Arewa da Kudu, aka kira abin amalgamation, kalmar da asalinta na maƙera ne, watau cuɗa zaiba da wani ƙarfe su zama abu guda. Cikin 1954 aka shiga federation, wadda saiwarta a Latin alkawari ce, aka kuwa yi dace da fassara mai kyau, Tarayya. A shekarun nan ne kuma Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta riƙe manufar Northernisation, watau in aiki ya samu a Gwamnatin Arewa, ɗan Arewa da ya cancanta shi a ke fara ba, in babu shi sai a ɗauki baƙo na ɗan lokaci bisa yarjejeniya har a horar da na gida. Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta sami wannan matsayi cikin 1954, ta yaye ɗimbin malaman En'e saboda wannan manufa. Ga akawun Arewa kalmar nan ƙofa ce da aka buɗe, ga akawun Kudu da ya daɗe yana aiki a Kaduna kuwa ƙofa ce da aka turo. Kalma ɗaya, amma kowa da gefen da ya tsaya.

Shekarar da ta fi kowacce nuna nauyin wannan al'amari ita ce 1966. Ran 24 ga Mayu Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34, wadda aka fi sani da dokar unification. Uni ɗaya ne, don haka wanda ya tsaya a kan harafi sai ya fassara ta da haɗin kai, wa kuwa zai ce ba ya son haɗin kai? Amma abin da ke cikin dokar shi ne an rushe Jihohi an mai da su gungun larduna, an kuma haɗe manyan ma'aikatan Gwamnati na ƙasa duka cikin tsari guda. Ma'aikacin Arewa, wanda bai daɗe da samun kujerarsa ba, ya ga za a sa shi tsere da waɗanda suka riga shi shiga makaranta da shekaru hamsin. Ba a zauna an yi wa jama'a bayani da harshen da su ke ji ba, sai jita-jita ta yi nata tafinta, ga kuma ciwon kisan shugabanni na watan Janairu bai warke ba. Kwana biyar da kafa dokar, ran 29 ga Mayu, tarzoma ta tashi a Kano da Zariya da Kaduna da waɗansu garuruwa, aka kashe mutane da yawa, galibinsu Ibo mazauna Arewa waɗanda ba su da hannu a rubuta ko layi ɗaya na dokar. Wannan jini ba shi da uzuri, ba kuwa uzuri mu ke nema masa ba. Abin lura shi ne, amsar da titi ya ba doguwar kalmar nan gajeruwa ce ƙwarai, kowa kuma ya ji ta: a raba.

Bayan Laftanar Kanar Gowon ya hau ya soke dokar, sai gardama ta koma kan waɗansu tagwaye, federation da confederation. A taron tsarin mulki da aka buɗe a Ikko ran 12 ga Satumba 1966 an shimfiɗa wa wakilai dukansu biyu su zaɓa. Wakilan Arewa da fari sun nemi zama sako-sako, har da ikon kowace Jiha ta fita in ta ga dama, bayan 'yan kwanaki suka juya suka goyi bayan Tarayya mai ƙarfi tare da ƙarin Jihohi. Ran 4 da 5 ga Janairu 1967 shugabannin soja suka gana a Aburi cikin ƙasar Gana, suka dawo kowa da tasa fassarar abin da aka yarda. Harafi uku ne tsakanin kalmomin nan, amma ta farin ƙasa ɗaya ce mai Gwamnatin tsakiya wadda ke riƙe da soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje, ta biyun kuwa kowane yanki kusan ƙasa ne mai cin gashin kansa, tsakiya sai abin da aka ga damar bar mata. A nan akwai gargaɗi ga malamin da zai ɗauki shawararmu ta tasrifi ya wuce gona da iri. Mun ce con tare ne, ga shi kuwa kalmar da ke ɗauke da "tare" a kanta ita ce mai sassauta zaman tare. Fasa kalma ya kan kai mutum bakin ƙofa ne kawai, sai ya haɗa da ƙamus da sanin yadda masu abin ke aiki da ita. Ba mu ce kalma ce ta haddasa yaƙin basasa na Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 ba, sababbansa sun fi haka zurfi. Amma samarin da aka ɗiba daga ƙauyuka aka kai bakin daga, nawa ne cikinsu aka taɓa bayyana wa bambancin tagwayen nan?

Mutanen Barnawa da Kakuri da Makera ba su bukatar a kai su nesa, a ƙofar gidansu aka yi sauran. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin hukumomin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, don a saƙa audugar Arewa a Arewa. United Nigerian Textiles ta biyo baya cikin 1964, waɗansu masaƙu suka daɗu, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki cikin 1975. Wannan shi a ke kira industrialisation, ba wanda ya nemi a fassara masa ita, domin jiniya ta kan yi fassarar ko wace safiya, dubban mutane bisa kekuna suna tururuwa. Cikin 1972 da 1977 aka yi dokokin indigenisation, watau mai da hannun jarin kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa. Sai 1986, zamanin Janar Babangida, aka shigo da devaluation. Cikin 1985 naira ta ɗan fi dala ƙarfi a farashin Gwamnati, kafin 1986 ta ƙare sai da naira fiye da uku a ke samun dala guda, masaƙa kuwa da dala ta ke sayen rini da kayan gyaran injuna. Cikin 1988 aka kafa Doka ta 25 mai ɗauke da tagwaye, privatisation da commercialisation, aka ba Dokta Hamza Zayyad shugabancin kwamitin. Ta farin sayar da kamfanin Gwamnati ne ga 'yan kasuwa, ta biyun kuwa Gwamnati ta riƙe kayanta amma ta ce ya nemi riba ya ci da kansa, watau mai amfani da shi ya biya cikakken kuɗi. Sa'an nan liberalisation ta zo, mai saiwar 'yanci, aka ɗage hanin shigo da yadi cikin 1997. Da wannan, da fasa-ƙwauri, da rashin wutar lantarki, da sakacin masu riƙon masaƙun kansu, Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki cikin 2007. 'Yancin da ke cikin kalmar na mai shigo da atamfa ne, masaƙi kuwa ya koma gida da takarda.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, abin da masana ke kira deregulation, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500. Cikin Yuni na wannan shekara sai ga tsohuwar kalmar Ironsi ta dawo da sabuwar riga, unification, wannan karo ta farashin canji. Dalar da Gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ba wurin yanke hukunci kan dacewar waɗannan matakai ba ne nan, masu ilmin tattalin arziki suna da hujjojinsu ta ko wane gefe. Maganarmu a kan rigar da a ke sa musu ne in za a fito da su gaban jama'a.

Ga aibin wutsiyar nan a ganinmu. Da zarar an mai da aiki suna, mai aikin ya ɓace, wanda aka yi wa ya ɓace, lokacin ma ya ɓace. In ka ce Gwamnati ta sayar da kamfani, nan take mai sauraro zai tambaye ka wa ya saya, nawa aka biya, ina kuɗin. In ka ce privatisation sai ya gyaɗa kai, kamar ka ambaci damina ko hunturu, abin da ke zuwa da kansa ba da hannun kowa ba. In ka ce an kori mutum ɗari biyar, sai a ji tausayi a nemi dalili, in ka ce rationalisation, wadda saiwarta hankali ce, sai ya zama mai gardama shi ne marar hankali. Gaskiya ne Hausa ma tana da nata maɓoya, ga "an" nan da mu ke fakewa bayanta in ba mu son kama suna. Amma ko da mun ce an sayar, an rusa, an kora, aikin yana nan tsirara, tsohuwa mai ƙosai ta san abin da ya faru. Nan ne ya kamata a yaba wa masu fassarar labarai na gidajen rediyo, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe cikin 1957 da Rediyon Kaduna na 1962 har zuwa na bayansu, waɗanda suka ba mu karya darajar naira, da cefanarwa, da rusau, da tantancewa. Waɗannan fassara ce ta mutanen da suka fahimci abin tukuna suka faɗa. Ba su yi kama da aikin ragon tafinta ba, wanda ke ɗauko kalmar ɗungum ya lanƙwasa ta da bakin Hausa ya jefa wa jama'a, shi bai gane ba, su ba su gane ba, kowa na jin kunyar tambaya.

Amma fa gajarta ita ma tana da nata haɗari, a Barnawa kuwa akwai misali. Babban asibitin Tarayya da ke unguwar, mai dogon sunan nan Neuropsychiatric, sunansa guntaye uku ne na harshen Yunanawa: jijiya, da rai ko hankali, da magani. Bakin jama'a ya gajarce shi ya ce asibitin mahaukata. Da wannan suna guda an hana mai farfaɗiya, da mai baƙin cikin da ya ƙi wucewa, da yaron da ƙwaya ta kama, zuwa inda za a taimake su, don gudun abin da maƙwabta za su ce. Rehabilitation da a ke yi a irin wannan wuri ma'anarta mai da mutum ga iyawarsa ta dā, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. A gefe guda kuma, cikin 2019 doka ta sāke wa hukumar gidajen yari suna ta koma Correctional, Hausa ta karɓa da gidan gyaran hali, fassarar da ta zauna daram. Ko halin na gyaruwa a ciki, wannan sai a tambayi waɗanda suka fito.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce kalmomin shari'a ƙayyadaddu ne, in aka juya su Hausa ma'ana za ta zube, lauyoyi su sami abin ja. Za su ce kuma Turanci ne harshen jarrabawa da na aiki, gara yaro ya dage a kansa. Ta biyun mun yarda da ita ɗari bisa ɗari, ƙarin Turanci mu ke nema wa yaranmu, mai zurfi, irin wanda ya kai saiwa. Ta farin ce ba mu karɓa ba, domin an taɓa yi a garin nan an gani. Majalisar Jihar Arewa da ke zama a Lugard Hall da Turanci da Hausa ta ke aikinta, doka ce ta tanadi haka. Di'o Bature sai ya ci jarrabawar Hausa kafin ya ci gaba a aikinsa. Cikin 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, ta zauna ta tattara baƙin kalmomi ta daidaita fassararsu. Bargery ya fitar da ƙamusunsa cikin 1934, Abraham cikin 1949, Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla cikin 2006. Tsarin Mulki na 1999 ma, a sashe na 97, ya yarda Majalisar Jiha ta yi aikinta da wani harshe na Jihar bayan Turanci in ta zartar da haka. Kayan aiki ba su ƙare ba, niyya ce ta yi ƙaranci. In Baturen da ya taso daga Ingila ya iya zama gindin bishiya ya bayyana wa dagatai dokar jangali da Hausa, ɗan ƙasa mai digiri ba shi da hujjar aika wa tsohon masaƙi takardar da ba zai iya karantawa ba.

Abin da mu ke roƙon hukumomi ba shi da tsada. Duk takardar da za ta taɓa filin mutum, ko fanshonsa, ko aikinsa, a buga Turancin yadda lauya ke so, a bayanta kuma a sa layi huɗu ko biyar da Hausa mai sauƙi, a faɗi wanda ya yanke, da abin da aka yanke, da ranar da wa'adi zai cika, da ofishin da za a je. Barnawa unguwa ce ta kowa da kowa, Gbagyi da Bajju da Atyap da Yarabawa da Ibo da Hausawa, amma in an gamu a kasuwa da Hausa a ke ciniki, don haka layukan nan za su yi wa mafi yawansu amfani. Kafin a kai ga haka kuwa, nauyin yana wuyan akawun da ke miƙa takardar ta taga. Bai fi minti biyu ba ya ce, "Baba, ka san abin da ke ciki?" Malaman makaranta su ma kada su ɗauka abin na tsofaffi ne kaɗai. Cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar sallamar malaman firamare 21,780 bayan jarrabawar da ta yi musu, ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya ga dai mai riƙe da alli ma takarda ta kan same shi har gida.

Dattijon nan kuwa, mun zauna da shi muka bayyana masa wata kalmar mai wutsiya, compensation. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna bisa amana, sashe na 28 ya ba shi ikon soke izni saboda amfanin jama'a, na 29 kuma ya ce a biya diyya, amma diyyar ta abin da mutum ya ɗora bisa ƙasar ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Muka tambaye shi abin da ke filin. Ya ce harsashin ɗaki biyu, da rijiya, da mangwaro shida da ya dasa shekarar da aka rufe masaƙa. Muka rubuta masa takardar roƙo a karɓi shaidarsa ko da ya ke wa'adi ya wuce, muka sa ya nemo rasit ɗinsa da hoton wurin. Jikan ma mun sa an kira shi, ya zo yana sunkuyar da kai, muka ba shi fensir ya rubuta voc da loc da nov a bayan littafinsa, ko wacce da ma'anarta da kalmomi uku-uku da suka fito daga gare ta. Ran Litinin shi zai raka kakansa ofishin, shi zai karanta duk takardar da aka miƙo, da ƙarfi, harafi bayan harafi, kafin tsoho ya dangwala hannu.